Kyauta da bashi tsakanin abokai: ina lampo yake shiga, ina ba ya shiga?

Jama'a masu saurarenmu na Baudeta, Korgom, Kona, Hawandawaki, Tasawa har Mayahi, da 'yan uwa da ke karanta mu daga wurin biɗa, akwai wata tambaya da ke yawan dawowa, musamman idan kaka ta yi ko lokacin aure ya kama. Mutum ya turo wa abokinsa jika ɗari ko ɗari biyu, ko ya ranta masa jarin kiwo, sai a ji ana cewa wai gwamnati tana da kaso a ciki. Shin gaskiya ne? Amsar a taƙaice ita ce: kuɗin da aka ba ka kyauta hannu da hannu, da uwar kuɗin da aka ranta maka, ba riba ba ce, ba albashi ba ne, don haka lampon kuɗin shiga ba ya hawa kansu. Amma akwai ƙofofi da hukuma take shigowa ta cikinsu: idan an ɗora ruwa a kan bashin, idan abin da aka bayar gona ce ko fili, idan kuɗin ya gauraya da na kasuwanci, da kuma idan mai bayarwa yana zaune a ƙasar da take da tata dokar.

Yadda Nijar take karɓar haraji

Tsofaffi suna tuna lampon kai, wanda ake bi gida gida ana karɓa tun zamanin Turawa, har mai gida ya sayar da akuya ko damin gero don ya biya. A mulkin Seyni Kountché aka soke wannan na gwamnati. Abin da ya rage a karkara shi ne ɗan kuɗin da kwamin take karɓa a kan kowane baligi ta hannun mai gari, sai kuɗin kasuwa da na shaidar cinikin dabba. Wannan kuɗi na kwamin ba ya duba arzikin mutum. Ko an turo maka miliyan daga Libiya, ko ba a turo maka ko dala ba, abin da za ka biya ɗaya ne.

Sauran haraji suna hannun babbar ma'aikatar haraji ta ƙasa, wadda ake kira DGI. An tattara dokokinta a kundi guda a shekarar 2012, kuma dokar kasafin kuɗi ta kowace shekara tana yi musu gyara. Tsarin shi ne kowane irin samu da nasa harajin: albashi da nasa, ribar kasuwanci da nata, kuɗin haya da nasa, ruwan bashi da na ajiya da nasu. Gudunmawar aure, kuɗin suna, abin da aboki ya turo maka ka sayi taki, babu ɗayansu da ya shiga waɗannan layuka.

Wani zai ce: to ai duk sa'ad da aka turo mini ta NITA ko Al Izza ko Airtel Money ana cire wani abu. Haka ne. Amma abin da ake cirewa, ko ladan kamfani ne ko wani kaso da hukuma ta ɗora a kan aikin turawa, yana bin turawar ce kawai. Ba ya tambaya kyauta ce ko bashi ko kuɗin ciniki. A riƙa ajiye resin da aka bayar a gishe, zai yi amfani nan gaba.

Idan kyautar ƙasa ce

Nan magana take sauyawa. Kuɗi, rago, babur, waya, ana miƙa su a karɓa, kyauta ta tabbata. Gona da fili kuwa ba sa shiga aljihu, kuma su ne suke kai zuriya biyu gaban alƙali bayan masu maganar sun kwanta dama.

Dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ita ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda muka sani da Kofo: akwai na gari, akwai na kwamin, akwai na gunduma. Suna da takarda daban ga kowace irin mu'amala: ta sayarwa, ta kyauta, ta aro, ta haya, da ta jingina. Wanda ya ba abokinsa gona ya noma don ya ga ba shi da ita, to takardar aro ce ta dace. Wanda ya bar masa har abada, ta kyauta. Wanda ya karɓi kuɗi ya ba da gona a riƙe har ya biya, ta jingina. Ana biyan ɗan kuɗin takarda, amma wannan ba lampo ba ne a kan kyautar.

Fili ko gida mai takardar mallaka ta gwamnati, irin na cikin Tasawa ko Maraɗi, shi kuma sai an bi ta wurin noter, a yi rajista, a biya kuɗin rajista da na tambur kafin suna ya juya. A nan ne kyauta take cin kuɗi da gaske, don ana lissafi ne a kan darajar abin da aka bayar, ko da mai karɓa bai biya ko sisi ba. Kafin a yi alkawari a gaban mutane, gara a je a tambayi noter ko ofishin haraji nawa abin zai kama a bana, kuma a yi magana tun farko wa zai biya.

Bashi: uwar kuɗi da ruwa

Ka ranta wa abokinka jika ɗari, ya mayar maka da jika ɗari. Ba ka samu kome ba, shi ma bai samu kome ba, babu haraji. Ka ranta masa jika ɗari ya mayar da ɗari da goma, goman nan samu ne, kuma doka tana da haraji a kan ruwan bashi. A banki ana cire shi tun kafin ya iso hannun mai ajiya. Tsakanin mutum da mutum kuwa, babu mai bin sawu sai ranar da takarda ta shiga ofis ko kotu.

Abin da ya fi haraji nauyi shi ne iyakar ruwa. Nijar ta fita daga CEDEAO, amma tana nan cikin ƙasashe takwas masu kuɗin sefa na babban bankin BCEAO. A shekarar 2013 ministocin kuɗi na waɗannan ƙasashe suka yanke iyaka, ta fara aiki a farkon 2014: kashi 15 cikin ɗari a shekara ga bankuna, kashi 24 cikin ɗari ga asusun ajiya da bashi da sauran mutane. Wanda ya wuce iyaka ya aikata laifi, hukuncinsa tara ne ko ɗauri.

Mu yi lissafi da yatsu. Kashi 24 a shekara a kan jika ɗari, jika biyu ke nan a wata. Yanzu a dubi abin da ake yi a garuruwanmu cikin damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa: a ba mutum jika goma a watan Yuli, ya biya jika goma sha biyu da rabi a watan Nuwamba. A ido kamar ba yawa. Amma kashi 25 ne cikin wata huɗu, wato kashi 75 a shekara, ninki uku na abin da doka ta yarda da shi. Haka ma wanda ya ba da kuɗi a damina a kan za a biya shi da tiyoyin gero ko na wake a kaka bisa farashin da ya karya da kansa. Sauya kuɗi zuwa hatsi ba ya ɓoye ƙarin da ke ciki. Malamai kuma sun gama magana tun tuni: duk bashin da aka shardanta ƙari a kansa riba ce, kaɗan ne ko da yawa. Wato mai bin addini ba ya ma kusantar iyakar gwamnati.

Jingina tana da nata ruwan da ba a gani. Mai kuɗi ya riƙe gona shekara biyar yana noma yana ci, sannan a mayar masa da kuɗinsa cif. Amfanin shekara biyar ɗin fa? Malamai da yawa suna ganin wannan ma bashi ne da ya jawo amfani. Al'ada ta saba da shi, Kofo tana rubuta shi, amma mai shiga ya san abin da ya shiga.

Adashi ba ya cikin wannan magana, don kowa abin da ya zuba yake kwasa. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, su ma kuɗin mata ne yake juyawa tsakaninsu, kuma abin da ya kare su shekara da shekaru shi ne kome a gaban kowa ake yi.

Takarda

A wurinmu neman takarda a hannun aboki kamar zagi ne. Sai ka ji an ce: ashe ba ka yarda da ni ba? Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Dokar ƙasa ma hanyar da ta bi ke nan: in kuɗi sun yi kauri, alƙali rubutu yake fara nema.

Ba sai an je birni ba. Farar takarda ta isa, da boko ko ajami ko Faransanci. A sa sunan mai bayarwa da mai karɓa kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa, yawan kuɗi da lamba da kuma kalmomi, ranar da aka bayar, ranar biya, a faɗa ƙarara cewa bashi ne kuma babu ƙari. Mai karɓa ya sa hannu ko ya dangwala, shaidu biyu su sa nasu. A kula da abu ɗaya da ke rikita mutane: mu muna lissafi da dala da jika, takardun hukuma suna lissafi da faran. Dala faran biyar ce, jika faran 1,000. Wanda ya ce "dubu" a kasuwa yana nufin dala dubu, wato faran 5,000. In aka rubuta 1,000 kawai, kotu jika ɗaya za ta karanta. A rubuta faran CFA, a huta.

Mu da muke bakin iyaka akwai ƙarin sharaɗi: a faɗi da wane kuɗi za a biya. Wanda ya ranta naira kafin tsakiyar 2023, lokacin da aka saki darajarta ta faɗi, ya san yadda aka mayar masa da adadin da ya bayar cif amma ba ya sayen rabin abin da yake saye da. In sefa aka bayar a ce sefa, in naira a ce naira, tun ranar farko.

Idan kuɗin da yawa ne, ana iya kai takardar meri a tabbatar da sa hannu, ko a kai ofishin haraji a yi mata rajista a manna tambur. Ana biyan kuɗi, amma daga ranar babu mai cewa jiya aka ƙirƙiro ta. Ga na nesa kuma, saƙon murya na WhatsApp da aka ce "na ranta maka, ka biya bayan Sallah" tare da resin turawa ya fi babu nesa ba kusa ba. Kar a goge.

In biya ya gagara, mataki na farko mai gari ne ko sarki, don doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta mutane a irin wannan rigima, kuma ana rubuta abin da aka daidaita a kai. In bai yiwu ba sai kotun Tasawa ko ta Mayahi. Nijar tana cikin ƙasashen OHADA, kuma dokarsu tana da gajeriyar hanya da alƙali zai ba da umarnin a biya, muddin bashin tabbatacce ne, an san adadinsa, kuma lokacinsa ya yi. Mai takarda ne yake cin moriyar wannan hanya. Maganar kyauta da gado kuwa, kotu tana bin al'adar masu shari'a, da taimakon masana al'ada da ke zama kusa da alƙali.

Ɗan kasuwa ya raba aljihu

Mai ɗan tebur da yake biyan ƙayyadadden kuɗi a shekara ba shi da damuwa sosai. Amma wanda yake da lambar haraji ta NIF, yana da asusu a banki, yana ba da lissafi a ƙarshen shekara, shi ya kamata ya buɗe kunne. Ma'aikacin haraji in ya zo bincike, kuɗin da ya ga sun shiga asusun shago zai iya ɗaukar su a matsayin ciniki, sai in an nuna masa akasin haka. Miliyan uku da aboki ya ranta maka ka sayo wake, in babu takarda, za su iya komawa cikin abin da za a lissafa maka haraji a kai. Haka wanda 'yan garinsu suke turo kuɗi ta hannunsa daga Aljeriya ko Legas ya raba wa iyalansu: aikin alheri ne, amma ya buɗe masa littafi daban, kuma kar ya bi da shi ta asusun shago.

'Yan uwa na waje

Yawancin namu suna Najeriya. A can ma kyauta da uwar bashi ba kuɗin shiga ba ne. Sabuwar dokar haraji da shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta fara aiki a Janairun 2026, ta tayar da jita-jita cewa duk kuɗin da ya shiga asusu za a yanke shi. Abin da dokar take nema shi ne samu: albashi, riba, haya, ruwa. Naira 50 da ake cirewa a kan turawar da ta kai naira 10,000 kuwa tsohon abu ne, kuɗin tambur ne. Duk da haka, wurin da ake rubuta dalilin turawa a waya, a rubuta gaskiya: kyauta, bashi, ko biyan bashi.

Faransa ce mai tsanani. Wanda yake zaune can ya ranta ko ya ranto abin da ya wuce Yuro 5,000 a shekara, kusan sefa miliyan 3 da 280,000, dole ya sanar da ma'aikatar haraji a takarda mai lamba 2062, ko da babu ruwa a kai. Kyauta kuma dangantaka ake dubawa. Uba zai iya ba ɗansa har Yuro 100,000 cikin shekara 15 ba a karɓi kome ba, ɗan uwa na jini Yuro 15,932. Aboki kuwa bare ne a idon dokarsu, harajinsa kashi 60 cikin ɗari. An keɓe ƙananan kyaututtuka na biki, irin na aure ko haihuwa, in sun dace da ƙarfin mai bayarwa. Dokar tana bin mai bayarwa in mazaunin Faransa ne, ko da mai karɓa yana Baudeta. Ga kuma wani sauyi: yarjejeniyar haraji da ke tsakanin Nijar da Faransa tun 1965, Nijar da Mali sun sanar da soke irinta a watan Disamba 2023, don haka kar a dogara da abin da wani ya ji shekara goma da suka wuce. Abu ɗaya mai daɗi shi ne kuɗin ciyar da uwa ko uba mabuƙata ana iya rage su daga abin da za a yi wa haraji, in akwai resi da shaidar dangantaka. Na aboki ko ƙane ba ya shiga.

A Amurka mai bayarwa ake tambaya, ba mai karɓa ba. A 2025 mutum zai iya ba kowane mutum guda har dalar Amurka 19,000 a shekara ba tare da cike kome ba. In ya wuce sai ya cike takarda mai lamba 709, kuma galibi ba ya biyan ko sisi, don rangwamen da ake ba mutum na tsawon rayuwa ya kai miliyoyi. Bashin da bai wuce dala 10,000 ba tsakanin mutum da mutum, ba a tilasta a sa masa ruwa. In ya wuce kuma babu ruwa, hukuma tana iya lissafa ruwan da ba a karɓa ba kamar an karɓa, abin da Musulmin da ke can ya kamata ya tambayi masani a kai kafin ya ba da babban rance. Sannan daga 1 ga Janairun 2026 akwai kashi 1 cikin ɗari a kan kuɗin da aka tura waje in tsaba aka kai gishe. Wanda ya tura daga asusunsa na banki ko da katinsa na can, ba ya biya.

Zakka

Ga mafi yawan masu saurarenmu, wannan ita ce tambayar da ta fi ta lampo kusa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wanda ya ba da rance ba ya fitar da zakkar kuɗin muddin suna hannun wanda ya ranta. Ranar da suka dawo, in sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo a kansu, sai ya fitar da ta shekara ɗaya, wato ɗaya cikin arba'in, ko da sun yi shekara biyar a waje. Wanda aka ba kyautar kuɗi, shekararsa tana farawa ne daga ranar da ya karɓa. Wanda ake bi bashi kuma yana cire bashin daga tsabar kuɗinsa kafin ya duba ko ya kai nisabi, in ba shi da wata kadara da za ta tsaya a madadinsa. Zakkar hatsi da ta dabbobi bashi ba ya kayar da su.

Akwai dabarar da wasu suke yi: abokinka ya kasa biya, sai ka ce na bar maka a matsayin zakkata. Malikiyya ba su yarda da wannan ba. Yafe bashi sadaka ce mai lada, amma ba ta sauke zakka. In ka yafe, ka faɗa a gaban shaidun da suka ga bayarwa, ka yaga takardar ko ka rubuta a bayanta, don kar magada su taso da ita.

Kyauta ba ta cika sai an karɓa. Wanda ya ce na ba ka saniyar nan amma tana nan a turkensa har ya rasu, ta koma gado. Bashi kuwa ba ya mutuwa da mai shi: bayan an yi wa mamaci sutura, bashi ake fara biya, sannan wasiyya, sannan a raba abin da ya rage. Shi ya sa ake tambaya a wurin jana'iza ko akwai mai bin sa. Wanda yake bin mamaci ya zo da takardarsa ko shaidunsa kafin a zauna rabo, wanda mamaci yake bi kuma ya kai kuɗin hannun magada, don yanzu nasu ne, har da marayun da ke ciki.